Me ya sa muryarki ke canzawa daga ɗaki zuwa ɗaki?

Uwargida, gwada wannan yau. Ki naɗi saƙon murya na WhatsApp a ɗakin da ba a sa kaya ba, sannan ki maimaita maganar a uwar ɗaka, inda akwai katifa da labule. Na farkon zai fito kamar daga cikin randa. Bango da siminti da kwanon rufi ne suka dawo da kowane furuci, kwafi bayan kwafi, duk suka hau kan juna. Masana lissafi na kiran wannan cuɗanya konbolushan.

Warware ta kai tsaye aiki ne ja. Hanyar sauƙi ta samo asali daga Bafaranshe Joseph Fourier, wanda littafinsa na 1822 a kan yaɗuwar zafi ne ma, ba sauti ba. Daga aikinsa aka gane cewa ana iya rarraba kowane sauti zuwa amo-amo, daga mai kauri zuwa siriri. Da an rarraba, cuɗanyar ta koma lissafin sau na ’yan firamare: ɗakin ya ninka kowane amo da wata lamba, wani ya ƙaru, wani ya ragu. Mai son muryar asali sai ya raba da lambar. A 1965 James Cooley da John Tukey suka wallafa hanyar yin rarrabawar cikin sauri a kwamfuta.

Wayarki ma da wannan take aiki. Saƙon 4G da ke fitowa daga ƙarfen sabis a Talata Mafara, Bakura ko Maradun yana karo da gine-gine da tuddai, sai ya iso ta hanyoyi da yawa a cakuɗe. Ƙarfen kan haɗa da wasu alamomi da wayar ta riga ta sani. Da su take gano lambobin, ta raba, hoton jikanki ya buɗe. Wadda ta ga katsewar sabis a Zamfara a Satumban 2021 ta san darajar wannan.

Amma akwai iyaka. Idan bango ya shanye wani ɓangare har ya kusa zama sifili, rabawa ba ta dawo da shi, sai ƙara hayaniya. Shi ya sa matsawa taku biyu zuwa taga kan gyara kira, kuma ya fi ɗaga murya amfani. Saƙo mai muhimmanci, kamar bayanin maganin yaro, ki naɗe shi kusa da labule, wayar na dab da bakinki.