Damisar Teku: Daga Jirgin Shaƙatawa Zuwa Rundunar Sojin Ruwan Najeriya

A farkon shekarun 1980 rundunar sojin ruwan Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi uku masu saurin gudu daga Jamus. An raɗa musu suna Ekpe, Damisa da Agu, wato sunan dabba guda a harsunan Efik, Hausa da Ibo. Kamfanin Lürssen da ke Vegesack a Bremen ne ya ƙera su, kuma gwanintarsa a wannan fanni ta girmi Yaƙin Duniya na Biyu.

Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure wa Jamus hannu a kan manyan jiragen yaƙi, sai sojojinta suka karkata ga ƙanana. A 1927 Lürssen ya ƙera wa wani attajirin banki na Amurka, Otto Kahn, jirgin shaƙatawa mai suna Oheka II. Saurinsa ya ja hankalin hafsoshi, kuma a kan fasalinsa aka samar da jirgin farko, S-1, a 1930.

Sirrin yana cikin ƙirar. Maimakon shimfiɗaɗɗen gindi, sai aka yi masa zagayayye, wanda ke keta igiyar Tekun Arewa ba tare da tangal-tangal ba. Jikinsa katako ne bisa haƙarƙarin ƙarfe marar nauyi. Injuna uku na dizal ke tura shi, alhali takwarorinsa na Ingila da Amurka galibi fetur suke sha, wanda ke saurin kama wuta. Samfurin S-100 mai tsawon mita 35 yana gudun kusan kilomita 80 a awa, ɗauke da bututu biyu na harba bam mai tafiya a ƙarƙashin ruwa.

Ɓarnar da suka yi ba ƙarama ba ce. A ranar 28 ga Afrilun 1944, cikin duhun dare, tara daga cikinsu suka afka wa ayarin Amurka da ke atisaye a gaɓar kudancin Ingila, sojoji 749 suka halaka.

Ga masu tsara kasafin tsaro a Abuja, abin lura shi ne ƙwarewar ta zauna a hannun maƙeran, har suka riƙa sayar wa wasu ƙasashe bayan shekaru hamsin. Najeriya ta kama hanyar: a Legas aka ƙera NNS Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, sai Oji a 2021. Ɗorewar wannan aiki ta dogara ga abin da za a ware wa horar da injiniyoyi da gyaran jirage a kowace shekara.