Mai Taɓin Hankali Da Maganinsa

Babu garin da ba a san ciwon taɓin hankali ba. Mu duka mun taɓa ganin wanda ya same shi. Wani ya kan ji muryoyi suna yi masa magana, alhali kuwa ba kowa a wurin. Wani ya kan ce maƙwabta suna ƙulla masa sharri, ko an sa masa guba a tuwo, kome aka gaya masa ba ya yarda. Wani kuma sai ya shige ɗaki, ya bar wanka, ya bar gona, ya bar gaisawa da mutane. Ciwon iri-iri ne. Akwai wani mai daɗewa a jiki, likitoci suna kiransa sikizofireniya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kamar mutum 1 cikin 300. Watau garin da ke da mutum 900, ba abin mamaki ba ne a sami 3. Yawanci ya kan fara tun mutum yana saurayi ko budurwa.

A da, in abin ya yi tsanani, sai a sa mutum a turu ko a mari, don ba a san wata dabara ba. A 1952 likitoci a birnin Faris na ƙasar Faransa suka fara ba masu wannan ciwo wata ƙwaya, wadda aka fi sani da sunan Largactil. Suka ga muryoyin suna raguwa, tsoro yana kwantawa. Bayanta aka samo waɗansu da yawa. A 1954 kuma wani likita ɗan ƙasarmu, Dokta Adeoye Lambo, ya kawo wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Sai ya saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa guda mai kula da shi, da rana su zo asibiti. Ya gane magani ya fi amfani in dangi suna kusa. Yau muna da asibitocin wannan ciwo a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano.

To, magani dai ya samu. Wahalar da ta rage ita ce shansa kullum.

Mu lura, wannan ba irin maganin zazzaɓin sauro ba ne, wanda a kan sha kwana 3 a gama. Ya fi kama da shingen gona. Muddin shinge yana tsaye, awaki ba su shiga. Amma awakin suna nan, ba su mutu ba. Kuma ba ya aiki dare ɗaya. Barci ya kan dawo da wuri, amma muryoyi da zargin mutane su kan ɗauki mako 4 ko 6, wani lokaci fiye, kafin su kwanta.

Mu ɗauki misalin saurayi da aka kai asibiti. Bayan wata 3 ya warware, ya koma gona, yana cin kasuwa. Uwarsa ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ai ka warke. Me za ka yi da ƙwayar nan kuma?" Sai ya bari. Mako ya wuce, lafiya lau. Har ma ya ji jikinsa ya yi sakayau. Wata ya wuce, ba kome. Kowa ya ce uwar ta yi gaskiya. Nan ne tarkon ya ke, don ciwon ba ya komowa ran da aka bar magani. Ya kan yi makonni ko watanni. Sa'an nan barci ya fara ƙaurace masa, ya fara magana shi kaɗai. In ya rikice, ba wanda zai tuna da ƙwayar da aka bari tun bazara. Sai a ce sammu ne.

Likitoci sun ƙidaya wannan. A 2012 aka tattara bincike 65 da aka yi a ƙasashe daban-daban. Aka ga cikin mutum 100 da suka ci gaba da magani, 27 ne ciwon ya komo musu cikin shekara guda. Cikin 100 da aka yanke wa magani kuwa, 64 ne. Saboda haka ko wanda ciwon ya kama sau ɗaya tak, a kan ce ya ci gaba aƙalla shekara guda bayan ya warware. Wanda ya sha komo masa, shi kam shekaru ne. In lokacin ragewa ya yi, likita ne zai rage, kaɗan kaɗan.

Kada mu yi saurin cewa mara lafiya taurin kai gare shi. Sau da yawa yana da dalili, kuma dalilin gaskiya ne. Maganin nan ya kan sa barci da nauyin jiki. Wani hannunsa ya kan yi rawa, jikinsa ya sandare, ya riƙa tafiya kamar tsoho. Wani miyau ya kan zubo masa, wani bakinsa ya bushe. Wani ba ya iya zama wuri ɗaya. Wani ya yi ƙiba. Magidanci ya kan ga ƙarfinsa wajen iyali ya ragu, mace ta ga al'adarta ta rikice, su kuwa ba su iya faɗa don kunya. Manomin da damina ta kama, ga barci ya hana shi fita da sassafe, wa zai ga laifinsa in ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin tabarma? Amma duk waɗannan suna da gyara. Likita yana iya rage yawan maganin, ko ya mai da shi na dare, ko ya sake wani iri, ko ya ƙara wata ƙwaya mai hana rawar jiki. Sai dai ba zai san abin da ba a gaya masa ba. Mu faɗa, ko da abin kunya ne.

Abu biyu ba su jiran ranar da aka rubuta a kati. In wuya ya murɗe, ko idanu suka kafe sama, ko harshe ya fito, a tafi asibiti nan da nan. Akwai allurar da ke sake shi. In kuma zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki da ruɗewa, wannan yana iya kisa. Kada a ƙara ba shi ƙwayar, kada a kwana.

Wani kuma ciwon ne da kansa ya ke hana shi ganin ba shi da lafiya. Gardama da irin wannan ba ta da amfani. Gara a ce masa, "Yaya, tun da ka ke shan wannan kana samun barci, ko ba haka ba?" Kada mu zuba masa magani a fura a ɓoye. Mutumin da ya ke tsoron guba, in ya gano, ya bar cin abincin gidan ke nan.

Sai maganar kuɗi da nisan hanya. Wannan kam babba ce, kuma bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Dangi su zauna su raba. Mu auna kuɗin ƙwayar wata guda da kuɗin motar kai mutum asibiti a rikice, da na kwanciya, da gonar da za ta zauna ba noma. In maganin ya fi ƙarfinmu, mu tambayi likita ko akwai mai araha. Kada mu tsallake kwana don ya daɗe. Akwai kuma allura mai jimawa a jiki, wadda a kan yi sau ɗaya a mako 2 ko mako 4. Ta dace da mai mantuwa, da wanda ba ya son a gan shi da ƙwaya kullum.

Addu'a da magani ba su faɗa da juna. A je wurin malam in ana so, amma duk wanda ya ce a zubar da ƙwaya, kada a bi shi. In azumi ya gabato, a tambayi likita tun cikin Sha'aban yadda za a gyara lokacin sha. Mace in ta sami ciki, kada ta yanke da kanta, ta gaya wa likita tukuna. Wiwi da giya kuwa su kan ta da ciwon.

Yanzu da mu ke koyon karatu da rubutu, ga wurin da za su yi mana rana. A zaɓi mutum ɗaya a gida wanda mara lafiya ya yarda da shi. A haɗa shan maganin da abin da ba a mantawa, kamar tuwon dare. A sami ɗan littafi a rubuta ranaku, Lahadi zuwa Asabar, in ya sha a ja layi. In an manta dare ɗaya, kada a haɗa biyu gobe. A karanta ranar komawa da ke jikin kati, a tafi tun da sauran ƙwayar kwana 7. A rataye maganin inda yara ba su kai, kuma kada a sam ma wani don an ga ciwonsu ya yi kama. In muka ga dare 2 ko 3 bai yi barci ba, ko ya fara gudun mutane, mu ɗauki katin da littafin da sauran ƙwayar, mu tafi tare da shi tun yana iya hawa mota da ƙafarsa.