Birnin Kano Daga Kan Dala, a Idon Mai Zanen da Bai Taɓa Zuwa Ba

Jama'a masu saurarenmu a Bagudo da Illo da Ka'oje da Tsamiya, da 'yan'uwanmu na bakin iyaka, tun daga Lolo har cikin ƙasar Benin, shirinmu na yau a kan wani tsohon zane ne, kuma tun da akwatin rediyo ba ya nuna sura, sai ku kasa kunne mu siffanta muku shi gwargwadon iko.

A shekarar 1851 Miladiyya, wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya hau dutsen Dala, ya zana abin da idonsa ya gane masa na birnin Kano. Da Allah ya mai da shi gida lafiya, sai wani gwanin zane mazaunin Munik, Martin Bernatz, ya karɓi wannan zane ya ƙawata shi da launi, aka buga shi cikin littafin tafiyar Barth mai mujalladi biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858.

Duk wanda ya ƙura wa zanen nan ido da tadabburi zai ga soraye da ɗakunan ciyawa sun cakuɗe, itatuwan dabino sun miƙe a tsakaninsu, gari ya shimfiɗu har inda gani ya gaza, samaniya kuwa ta lulluɓe kome da haske mai sanyi. Wannan ba haka kawai ya auku ba, domin Bernatz ya tashi ne a zamanin da Turawa ke kira Romantik, zamanin da masu zane ba su wadatu da kwaikwayon zahiri ba, muradinsu shi ne mai kallo ya ji haiba da ta'ajibi a zuciyarsa, shi ya sa sukan faɗaɗa sarari su ƙanƙanta ɗan Adam. A ganinmu ya cim ma wannan muradi, kuma fasaharsa abar yabo ce.

Amma fa, ko da yake ya taɓa kai wa ƙasar Habasha, Bernatz bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, saboda haka natsuwar da ke cikin zanen tasa ce, alhali Kanon da alƙalamin Barth ya siffanta gari ne mai hayaniya, cike da marina da masaƙa da fatake, da bayin da ake sayarwa, waɗanda launi mai kyau bai kamata ya mantar da mu su ba. A nan gani bai kori ji ba. Sai an haɗa zanen da rubutun.

A wancan zamani, daga lungunan Kano ne ayarin fatake ke tasowa da tufafi da kanwa, wasunsu su ƙetare Kwara a Illo, su ratsa Bargu, su nufi Gwanja neman goro. Shi kuwa Barth, da ya biyo ta Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, ta Birnin Kebbi da Zogirma ya wuce, ya ƙetare kogi a Sayi, bai sauko wajenmu ba.

Don haka muna roƙon matasanmu masu alƙalamin zane da masu wayar hannu, ku ɗauki surar tsofaffin zaurukan Illo da mashigin jiragen ruwa da kasuwar Lolo tun kafin siminti ya sauya su, ku kuma rubuta sunan wuri da shekara a jikin kowace.