Kumburin jijiyoyin ƙafa: ciwon masu yini tsaye

Daga kasuwar Dole ta Damagaram zuwa Katako a Yamai, akwai masu yini tsaye tun hantsi har magariba: mahauta, masu awon hatsi, mata masu sayar da abinci. Da yamma wasunsu kan ji ƙafa ta yi nauyi, idon sawu ya kumbura, jijiyoyi sun fito a sha-raɓa a murɗe kamar igiya. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira "varices" da Faransanci.

Jinin da ya sauka ƙafa dole ya hau ya koma zuciya. A cikin jijiyoyin akwai ƴan ƙofofi da ke buɗewa jini ya wuce sama, su rufe kada ya dawo, naman sha-raɓa kuma na tura shi duk lokacin da mutum ya taka. In ƙofofin suka yi rauni, sai jini ya kwanta, jijiya ta buɗe ta kumbura. Gado, shekaru, ƙiba da doguwar tsayuwa duk suna da hannu. Mata sun fi kamuwa, musamman masu juna biyu, ko da yake nasu yakan ragu watanni kaɗan bayan haihuwa. Zafin Afrilu da Mayu na ƙara tsananta shi.

Babban haɗarin shi ne kai irin wannan ƙafa wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho, da sunan fitar da mataccen jini. Jijiyar cike take, fatar da ke kanta kuma ta yi laushi. Jini na iya ɓallewa, ko wurin ya zama gyambon da zai yi watanni bai warke ba. In jijiya ta fashe, mutum ya kwanta, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a nufi likita.

Sauƙin ciwon bai da tsada: yawan tafiya da ƙasa, motsa sawu in an daɗe tsaye ko zaune, da jingina ƙafafu a bango ko kan matashi su fi ƙirji tsawo. Akwai safa mai matse ƙafa da ake sawa da safe kafin kumburi ya tashi, amma mai ciwon suga ko toshewar hanyoyin jini ya fara ganin likita. In abin ya yi nisa, ana duba jijiyoyin da na'urar eko, a toshe wadda ta lalace da allura ko a cire ta da tiyata.

Fatar idon sawu da ta yi baƙi ta ƙeƙashe, ko ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, dalili ne na zuwa cibiyar lafiya. Ƙafa ɗaya kuwa da ta kumbura farat ɗaya da zafi, balle in numfashi ya sarƙe, na iya zama gudan jini a jijiyar ciki. Wannan ba a kwana da shi a gida.