Kasuwa da Rana, Kiɗa da Dare: Noailles da Cours Julien a Marseille

Baƙon da ya sauka Marseille, birnin da Girkawa suka kafa a gaɓar Bahar Rum kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, yawanci tsohuwar tashar jiragen ruwa ake fara nuna masa, da dare kuma a kai shi Cours Julien ya ji kiɗa. A ganina wanda ya tsaya nan ya ga rabin abin ne kawai. Dandalin da ake yabo saboda hirar dare ba ya fahimtuwa sai an fara bi ta Noailles, unguwar kasuwa da ke gangarensa, wadda mutanen garin ke kira cikin Marseille, wato inda ake cika tumbin birnin.

Noailles tana gefen babban titin Canebière, tafiyar 'yan mintoci daga tsohuwar tashar jiragen ruwan. A tsakiyarta akwai kasuwar Capucins, inda kayan gwari da na marmari suka fi araha kan na yawancin shagunan gari. Lungunan da ke kewaye cike suke da mahautan halal, masu kayan yaji, dabino, zaitun, kuskus da busasshen kifi. Masu shagunan da masu sayen galibi mutanen Aljeriya ne, da Tunisiya, da Maroko, da tsibiran Komoros, da Afirka ta Yamma, ko 'ya'yansu da jikokinsu da aka haifa a Faransa. A cikinsu kuma ga tsofaffin gidajen ciniki irin su Maison Empereur, shagon kayan ƙarfe da na girki da ke nan tun 1827, da Père Blaize mai sayar da itatuwan magani tun 1815. Ba don baƙi aka shirya komai a nan ba. Matar da ke tayin tumatir abincin gidanta take nema, kuma wannan ne ya sa wurin ya cancanci gani.

Idan aka haura dogayen matakalan da ke cike da zane-zane, sai a fito Cours Julien. Abin da yawancin masu shan iska a wurin ba su sani ba shi ne shi ma kasuwa ce a da: nan ne 'yan sari ke sauke kayan lambu tun ƙarni na 19, har zuwa farkon shekarun 1970 da aka mayar da kasuwar Arnavaux, a arewacin birnin. Da dillalai suka tashi, ɗakunan ajiyarsu suka zama kango mai arahar haya, sai masu zane, mawaƙa da masu sayar da tsofaffin littattafai suka shige. Gidajen cin abinci, mashaya da zauren kiɗa na Espace Julien duk a kan wannan kufai suka tsiro. Ashe arahar da ta tara talaka a gangare ita ce ta tara masu fasaha a tudu.

Wani zai ce wannan yabon talauci ne, kuma maganarsa tana da nauyi. Ranar 5 ga Nuwamba, 2018, gidaje biyu masu lamba 63 da 65 a titin Aubagne, cikin Noailles, suka rufta, mutum takwas suka rasu. Bayan haka an kwashe dubban mutane daga gidajen da aka gano suna dab da faɗuwa a sassan birnin. Tsohon bangon da ke yi wa baƙo kyau a hoto, wani ne ke kwana a ƙarƙashinsa da fargaba. Amma wannan hujja ba ta ce a ƙaurace wa unguwar ba. Abin da ta nuna shi ne gyara ya zama dole, kuma abin tambaya shi ne wa za a gyara wa. A wannan shekarar dai mazauna suka yi ta zanga-zanga kan sabunta dandalin La Plaine da ke kusa, har hukuma ta kewaye wurin aikin da katangar kankare, domin suna tsoron gyaran zai kori 'yan kasuwa ya tsawwala haya. A nan baƙo yana da hannu: wanda ya kama gidan haya na kwana biyu ta intanet a titin da iyalai ke neman matsuguni ya ƙara wa matsalar, wanda ya sauka a otal ya yi cefane a Capucins kuwa kuɗinsa ya shiga aljihun masu riƙe da unguwar.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafe biyu, na tsaro da na giya, amma sun fi sauƙin amsawa. Batun tsaro gaskiya ne akwai 'yan sane da masu tallar taba ta bayan fage, musamman kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Noailles, sai a kula da waya da jaka kamar yadda ake yi a kowace kasuwa mai cunkoso. Wanda kuma ba ya shan giya ba a rufe masa daren ba. Da yamma dandalin Cours Julien na iyalai ne, yara na wasa a gefen tafkunan ruwa, ga shayin na'a-na'a da abincin ƙasashe iri-iri, kuma hayaniyar mashaya ba ta kankama sai dare ya yi nisa.