Bindiga a Ƙuryar Ɗaki: Muhawarar da Ta Iso Minjibir

Tun da 'yan bindiga suka fara ƙetarowa daga Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, hirar majalisa ta sauya a ƙasar Minjibir. Daga Kunya har bakin madatsar Wasai, tambayar da ake yi ita ce: in suka zo tsakar dare, da me maigida zai tare su? Da fartanya?

Masu son a bar talaka ya riƙe bindiga suna da hujja mai nauyi, kuma daga bakin shugabanni suka samo ta. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya shawarci mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci Zamfarawa su nemi lasisin bindiga. Nan take babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.

Doka tana bayan janar ɗin. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK-47, sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da su haka kawai ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ke jiransa. Ƙananan bindigogi, kamar mai baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha.

Kare kai kuwa haƙƙi ne. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi don kare rai ko dukiya, amma gwargwadon buƙata. A wannan sharaɗin ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wani manomi a Adamawa da makiyayi ya kai wa hari da wuƙa a gona ya ƙwace wuƙar, ya daɓa wa maharin a wuya har ya mutu. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, bisa cewa tunda makamin ya dawo hannunsa, yana da damar gudu. Jama'a da dama sun ga tsauri a hukuncin, kuma daga baya Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa. Duk da haka ma'aunin alƙalai bai sauya ba. Ɓarawon da ya fasa ƙofa da adda daban yake da wanda ya jefar da akuya ya ranta a na kare. Harbin na biyun kisan kai ne a gaban kotu, ko da unguwa duka ta yi ihun "ɓarawo!"

A nan ya kamata mutumin Minjibir ya dubi ƙasarsa da kyau. Ba dajin Rugu ba ce. Gona ce manne da gona, wani wurin layin gamba kaɗai ya raba gadon 'yan'uwa. Burtali ya tsuke. Da kaka, kafin a gama kwashe harawa da kara, garke ya iso, kuma ɗan kuskure ya isa a ɗaga murya. Rigimar da ake yi yau da sanda, gobe a zauna a zauren dagaci a biya ɓarna, in bindiga ta shigo cikinta sai dai a je maƙabarta. Mai hankali ba zai raina tsoron 'yan bindiga ba, amma faɗan da ya fi kusa da ƙofar manomin Minjibir shi ne wannan.

Zamfara ta riga ta ɗanɗana. 'Yan sa-kai sun taso ne don maganin ɓarayin shanu, sai suka koma kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, ramuwar gayya ta biyo baya, har aka kai ga kisan fiye da mutum 100 a 'Yargaladima a watan Afrilun 2014. Kanawa ma suna da nasu tabon. A watan Maris na 2025 'yan banga a Uromi ta jihar Edo suka tare motar mafarauta masu dawowa gida bikin Sallah. Da aka ga bindigogin toka sai aka ce masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16, yawancinsu 'yan Toranke a Bunkure. Waɗanda suka kashe su ma cewa suke gari suke karewa.

Katsina ta bi wata hanya a watan Oktoban 2023, lokacin da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai horo da albashi da shugabanci. Maharba da 'yan sintiri na Minjibir sun san kowace hanyar gona, kuma in za a bi sawun Katsina, da su za a fara. Abin da ya rage wa hakimi da dagatai da 'yan sanda shi ne a rubuta sunan kowa, a san bindiga nawa ce a gari da inda take kwana, a kuma tabbatar duk wanda aka kama ya isa caji ofis da ransa.