Ruwan 'ya'yan itace da ciwon sukari

Ruwan 'ya'yan itace shi ne ruwan da ake matsewa daga lemo, abarba, tuffa da makamantansu. Ko ba a zuba masa sukari ba, yana ɗauke da nasa na asali: kofi ɗaya na ruwan lemo, kimanin mililita 240, yana da wajen giram 21 na sukari.

Wurin matsewa ana zubar da zare-zaren da ke cikin tsokar lemon, waɗanda su ne ke rage saurin shigar sukari cikin jini. Saboda haka ruwan ya fi ɗaga sukarin jini da sauri a kan lemon da aka ci ɗungurungum. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar kada a wuce mililita 150 a rana.

Wannan saurin yana da amfani idan sukarin mai ciwon ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, musamman ga masu yin allurar insulin. Ana ba shi rabin kofi, a jira minti 15, a sake gwadawa. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, domin zai iya shaƙewa. Asibiti ake garzayawa da shi.